Yankan Ƙarƙashin Ruwa

Har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ni ne ɗan fari, kuma a ƙauyenmu, can cikin kwarin Guci, dattawan zamaninsa ba su ɗauki kunyar ɗan fari da wasa ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce "wancan". In kuwa ta kama dole ya yi mini magana da kansa, to zai kalli danga ko jaki ya ce "kai". Tun ina tsumman goyo aka miƙa ni ɗakin kakata, can na tashi. Na san al'ada ce, ba a kaina aka fara ba. Amma sanin al'ada bai taɓa rage mini zafi ba, don ina da ƙane, autan gidanmu, wanda sunansa ba ya barin bakin Baba tun daga asuba har a kwanta. Da shi ake cin tuwo kwano ɗaya, shi ake riƙe wa hannu ranar kasuwa. Ina kishinsa tun muna yara, na girma na yi aure na haihu ban daina ba, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba.

Abin da nake nema wajen Baba bai taka kara ya karya ba. So nake sau ɗaya a rayuwarsa ya tako ya zo garkata, wato lambuna, ya tsaya ya dubi aikin hannuna, ya ce madalla. Ko jakin ya kalla ya faɗa, na yarda.

Garkar gidanmu a bakin tafki take. Lokacin ina yaro ruwan fili ne fetal, kana wannan gaɓa kana hango masu wanki a waccan. Da aka jera shekaru ana ruwan sama mai yawa, tafkin ya cika ya haura, ya daina ƙafewa da rani, sai kacalla ta shigo. Ciyawar ruwa ce doguwa, ta fi mutum tsawo, ganyenta mai kaifi, kanta kamar zangarniyar gero. In kan ya bushe sai ya fashe, audugarsa ta bi iska, duk inda ta sauka a kan laima ta zama wata. Mutanenmu suka ce daga Nijeriya iska ta kawo ta, ƴan'uwanmu na can kuma suka ce daga wajenmu ta gangara musu. Kafin a gama wannan gardama ta rufe mashayar shanu, ta cinye wuraren rake, sauro ya sami gida. Tsuntsayen jan-baki suka mai da ita masauki, su kwana a ciki, gari ya waye su faɗa wa gero.

Baba ya gwada duk abin da ake gwadawa a kanta har ya gano wanda ke ci. Ranar da ya koya mana, mu uku muna tsaye a bakin ruwa, ƙanena ya kalla.

"Ka bari sai damina, ruwa ya cika," in ji shi. "Ka shiga, ka zura lauje ƙasa da ruwa kamu guda, sannan ka yanke. Kututturen in bai sami iska ba zai sha ruwa ya ruɓe har saiwa. In ta sake leƙowa ka sake yankewa, kada ka bari ganye ya ga rana. Kuma ko da wasa kada ka sa mata wuta. Wuta taki ce gare ta."

Ƙanena yana can yana latsa salula, yana "to, Baba, to, Baba". Ni da nake tsaye a baya kamar baƙo ni ne na haddace. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, haka na riƙa lallashin kaina. Sai dai ko zagi ne ya fi daɗi in an kalle ka.

Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya raba mana garkar tun yana da rai. Ƙanena ya sami gefen gabas, kusa da hanyar gari, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ga tsofaffin itatuwan dabino da inuwa. "Wancan" ya sami gefen yamma, inda tafkin ya lanƙwasa ya yi zurfi, kacalla ta yi duhu, laka kuma tana riƙe ƙafa. Tsakaninmu Baba ya ce a bar wani layin kacalla mai faɗi kada kowa ya taɓa, ya zama iyaka, don kada shanu su ratsa, kada kuma ƴan'uwa su yi rigimar kan gona. Wa zai yi rigimar? Wanda aka ba shi inuwa, ko wanda aka ba shi laka? Na wasa lauje.

Daminar nan kusan a ruwa na yi ta. In na yi asuba na duba gonar gero, sai in tuɓe riga in rataye a kan wani turke, in shiga. Ruwa har ƙirji. Ganyen kacalla ya tsattsaga mini hannu, matsattsaku suka mai da ƙafafuna wurin kiwo, in na fito matata ta zauna tana cire su da gishiri tana tsaki. Akwai ramuka inda saiwa ta ƙi mutuwa, waɗannan sai na riƙe numfashi na nutse na ciro su da hannu. Abin da na yanke in jawo shi gaɓa in shanya, mata su ɗiba su yi asabari, saura ya tafi rufin rumfa. Har tsargiya na kwasa, sai da na je likita aka ba ni ƙwayoyi. Abin haushin wannan aiki shi ne ba ya ganuwa. Mai huɗa in ya waiwaya yana ganin kunyoyinsa, kowa ya wuce ya ce sannu. Ni aikina yana ƙarƙashin ruwa, mai wucewa sai dai ya ga kan mutum yana yawo cikin ciyawa.

Ƙanena bai shiga ruwa ba daminar nan. Da aka yi kaka ya tafi cirani Kano, ya dawo da bazara a kan sabuwar moto mai ƙafa biyu, da baƙin tabarau. Kacallarsa ta bakin gaɓa a lokacin ta bushe ƙayau. Sai ya kira gayya. Aka dama fura, aka kira makaɗi, samarin gari suka share kewayen dabino, ya yayyafa ɗan esansi, man moto, ya ƙyasta alimeti. Wuta ta tashi har ta fi dabino tsawo, jan-baki suka watse, beraye da macizai suna fitowa yara suna bin su da sanduna. Kafin la'asar wurin ya zama fili baƙi ƙirin, kana ganin ruwa. Makaɗi yana ta zuba masa kirari, wai ya yi a yini ɗaya abin da ya gagari maza shekara.

Ina tsaye can gefe da hannuwana masu tabo. Baba yana zaune a kan buzunsa, shi da ya ce ko da wasa kada a sa mata wuta. Na zuba ido ina jira ya tsawata. Dariya ya yi har da tafa cinya, ya kira sunan ƙanena da ƙarfi, ya ce Allah ya yi albarka. Furar da aka miƙo mini na ajiye ta ban sha ba.

Da na koma gida na shiga wajen Inna, mahaifiyarmu. Ita ma tana kunyata, amma tata mai sauƙi ce, takan yi mini magana tana kallon abin da take yi.

"Inna, ni na yi yadda aka ce, an ƙi ko kallona. Shi ya yi abin da aka hana, an sa masa albarka."

Ta ci gaba da tankaɗe. "Mutum da furfura a gemu ya zo yana ƙorafin an ba yaro alewa. Hassada ga mai rabo taki ce."

"To Allah ya ƙara masa taki, shi da kacallarsa," na ce, na fita.

Addu'ar kuwa ta karɓu. Ruwan farko yana sauka, fili baƙin nan ya yi kore shar kamar an shuka. Saiwar tana ƙarƙashin laka wuta ba ta taɓa ta ba, ga toka ta samu, ga rana babu mai tare mata. Kafin gero ya yi bunni kacallar ƙanena ta fi ta bara tsawo da kauri. Na ji daɗi, daɗi sosai, har yau kuma ban ga laifina ba. Nawa gefen ruwa ne fili, kututture ya ruɓe, ƴan tsirarun da suka leƙo na bi su na sake yankewa. Da ruwa ya ja baya na sami ƙasa baƙa mai laushi. Na dasa rake, na sa albasa da tumatir da shu, wato kabeji. Tarwaɗa ta dawo. Masu zuwa kasuwar Guci sukan tsai da jakunansu su leƙa, mai gari da kansa ya zo ya zagaya ya yaba. Na ce a raina yanzu kam gani ya kori ji, dole labari ya ja Baba ya zo.

Bai zo ba. Kullum da hantsi zai ɗauki sandarsa da buzunsa da carbinsa ya bi hanyar gabas, garkar ƙanena, wadda kacalla ta sake mamaye rabinta. Can zai yini har azahar. Ba na ganinsa, iyakar nan ta tare, amma murya tana tafiya a kan ruwa. Ina tsakiyar aiki sai in ji ya ƙwala wa ƙanena kira, ya ja sunan nan kamar mai kiran salla. Wani lokaci kira biyu ko uku a jere. Duk kira ɗaya sai na ji shi a haƙarƙarina. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ɗaga kai in dubi gabas ba, kuma ya zo mini da sauƙi, don da hantsi rana tana dukan ruwan tana kashe ido.

Abu ɗaya na lura da shi a iyakar. Can kusurwa akwai wata ƴar siririyar kafa a cikin kacallar, ba ta fi faɗin kafaɗar mutum ba, ta ratsa a karkace ta nufi duhun wasu gajerun dabinai da ba a taɓa yi wa aski ba. Na ɗauka masunta ne suka yi hanyar kafa tarkonsu. Na zage su a raina, na ce wata rana zan sa ƙaya in toshe. Aiki ya sha kaina ban yi ba.

Raken farko da na sara na zaɓi masu kauri na ɗaura wa matata ta kai wa Baba. Ta dawo na tare ta tun daga ƙofa.

"Me ya ce?"

"Ya ce an gode."

"Shi ke nan? Ya sha?"

Ta ce, "Ya juya su a hannu ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira ƴaƴan ƙanenka ya raba musu."

Ko haƙoran shan rake ba shi da su a lokacin, na sani. Amma wanda kishi ke ci ba ya lissafin haƙora.

Damina ta sake zagayowa sai ga saƙo ta bakin Inna: an ce a gaya wa wancan ya je ya taya ƙanensa yanka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Uba ne, ba a musu. Na ɗauki lauje na zagaya gabas, na shiga ruwan ƙanena na yi ta yanka a fusace, shi yana jan abin da na sare zuwa gaɓa yana "sannu, Yaya". A raina na ce ko ba komai yanzu Baba zai gan ni ina aiki, tunda nan ne wurin zamansa. Duk kwanakin da na yi a wurin bai leƙo ba, gida ya zauna. Washegarin ranar da na gama na koma garkata, da hantsi na ji muryarsa ta taso daga gabas yana kiran autansa. Ranar na jefar da laujen na zauna a kan kunya, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Haka muka yi shekaru. Garkata ta yi ta kyau, dabinon da na dasa suka fara haihuwa. Ƙanena ya koyi yanka ƙarƙashin ruwa amma bai taɓa son aikin ba, shekara ɗaya ya share, shekara ɗaya ya bari. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, ba mu taɓa faɗa ba. Sai dai in ya buɗe baki ya ce "jiya Baba yake ce mini", sai in tuna ina da wani aiki.

Da sanyin wata shekara Baba ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Kansa a kan cinyar ƙanena yake, ni ina bakin ƙofa inda na saba tsayawa. Da aka zo raba ƴan kayansa, laujensa mai doguwar ƙota ma ƙanena aka ba. Na yi kukan rashin uba kamar kowa. A ƙarƙashin kukan kuma akwai wani abu mai ɗaci: shi ke nan, madallar nan ba za ta zo ba.

Daminar da ta biyo baya, ina cikin ruwa da hantsi, na ji sallama. Ƙanena ne tsaye a bakin garkata da laujen Baba a kafaɗa. Na ce a raina ga shi nan, kacalla ta sake cin ƙarfinsa ya zo neman bawa.

"Yaya, sannu da aiki. Shawara na zo."

"Ina ji."

"Ƙofar Baba ta fara rufewa. In sare ta, ko in bar ta?"

"Wace ƙofa kuma?"

Ya dube ni kamar na yi masa ba'a. Da ya ga da gaske nake sai ya ce in fito in sa riga. Na ce rigar ta zauna, yanzu zan dawo. Muka zagaya ta bakin tafki har garkarsa, muka wuce rakensa, ya kai ni can kusurwa, ƙarƙashin gajerun dabinan nan masu duhu. Ƙasar wurin ta daddale ta yi sumul, ga ɗan ramin da gindin sanda ya yi. Ya ce in zauna in fuskanci yamma.

Na zauna. Kafar nan da na ɗora wa masunta ce a gabana, sabbin ganye sun fara tsirowa a cikinta. Ta cikinta garkata ce gaba ɗaya, tun daga rake har ramukan zurfi, rana tana haska ta tas. Ga turkena, ga rigata a rataye.

"Tun shekarar da aka raba garka shi ya yanke ta da kansa," in ji ƙanena. "Da gwiwa ta hana shi shiga ruwa sai ya ɗora mini. Kamu guda ƙasa da ruwa, kuma sai ya sa sanda ya auna. Garkata ko kacalla ta cinye ta duka ba ya magana. Amma nan, ganye ɗaya ya tare masa gani, sai ka ji ya ƙwala mini kira. Ina tsakiyar ban-ruwa, ina cin abinci, babu ruwansa."

Ashe kiran nan ke nan da na yi shekaru ina haɗiya.

"Kai ka huta, Yaya," ya ce, muryarsa ta canza. "Ka ga rakena? A bayansa yake. Shekara da shekaru yana zaune a garkata, wallahi bai taɓa juyowa ya dube shi ba. Ranar da na sa wutar nan ya yi mini dariyar da ake yi wa yaro in ya yi rawa. Ni sunana kawai ya sani. In baƙo ya zo gaishe shi nan, sai ya nuna kafar nan da haɓa ya ce, kun ga ruwa fili can? Daga nan ba ya ƙarawa."

Ban taɓa tunanin mai inuwa ma yana da abin da ke cinsa ba. Ban kuma ce ya ba ni tausayi ba, don ko a lokacin wani sabon kishin ne ya taso mini: shi ya zauna kusa da shi duk waɗannan hantsin, shi ya ga fuskarsa, ni ina can cikin laka na juya baya.

"In yana kallo," na ce, "me yake cewa?"

"Ba ya cewa komai. Carbi yake ja." Ya murza ƙotar laujen. "Sai dai in ka nutse cikin ramukan nan. Sai hannunsa ya tsaya cak. Ba ya ƙara jan ko ɗaya sai ya ga kanka ya fito."

Na daɗe a zaune ina kallon garkar. Iska tana kaɗa rigar a kan turke, babu kowa a cikin ruwan.

Na miƙa hannu, ya ba ni laujen. Na shiga kafar na zura shi kamu guda.